Salaga, Yendi, Bawku: Tafiya a Kujera Mai Lamba

Kakanninmu ba su san wata ƙasa mai suna Gana ba, Gwanja suka sani. Can ake zuwa fataucin goro. A tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da riguna da jar fata, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yendi, sannan a sauke kaya a Salaga. Tafiyar watanni ce, kuma ba duk wanda ya tafi ke komowa ba. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a kan wannan hanya suka yi suna, mahaifin Alhassan Ɗantata ma madugu ne a kanta.

Son ganin garuruwan nan ne ya kai ni arewacin Gana a lokacin hunturu. Amma abin da na dawo ina ba mutane labarinsa mota ce, motar haya ta talakawa.

Sunan kamfanin Metro Mass Transit, sai dai da wuya ka ji wani ya kira shi haka a tasha. Motar Kufuor ake cewa, domin a zamanin Shugaba John Kufuor aka kafa shi, a 2003, bayan tsofaffin kamfanonin bas na gwamnati sun durƙushe. Gwamnati na riƙe da kashi 45 cikin 100 na hannun jari, saura yana hannun wasu bankuna da kamfanin inshora da kamfanin mai da asusun fansho na ƙasa. Manyan motoci ne masu launin ruwan goro, kujeru uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen, babu sanyaya ɗaki, babu talabijin. Kuɗinsu bai kai na motocin 'yan kasuwa ba, kuma suna shiga garuruwan da manyan motocin alfarma ba sa waiwaya. Tun shekarun farko aka tsara ɗaukar 'yan makaranta masu inifam kyauta a cikin gari. Kufuor ya sauka a Janairun 2009. Jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe, ta dawo a 2016, ta sake faɗuwa a 2024. Motar tana nan tana tafiya, da launinta da sunanta. Babu gwamnatin da ta zo ta ce aikin abokin hamayya ne, a kai shi bayan ofis ya ruɓe.

Daga Tamale na fara tafiyar. Tasharta kafin asuba cike take. Mata na zuba koko a leda, ƙosai na soyuwa, mai shayi na yanka burodi. Na shigo da jakata a hannu ina jiran wanda zai fizge ta ya ce "ina za ka, Alhaji", babu wanda ya taɓa ni. Wata 'yar taga ce ake sayar da tikiti, mutane sun yi layi a gabanta, mai babbar riga a bayan mai tallan kifi, soja a bayan ɗalibi. Da na iso, ma'aikaciyar ta karɓi kuɗi, ta rubuta lambar kujera a bayan takardar, ta miƙo mini canjina har da 'yan silalla. Kuɗin da na biya shi na gabana ya biya, shi kuma na bayana zai biya. Ba a dubi hulata ba, ba a saurari harshena an gane baƙo ne an ƙara mini ba. Kaya kuma da kuɗinsu daban: buhun masara, kwandon kifi, keke, duk ana yi musu kuɗi a gaban mai su, a sa a cikin mota ta ƙasa.

Wata dattijuwa ta zo da ƙatuwar roba a kai, tana duba takardarta ta baibai. Kwandasta, saurayi ne, ya sauke mata kayan, ya ce da Hausa, "Mma, kawo in gani." Ya kama hannunta har kujerarta. Akwai wani da ya riga ya zauna a wurin, aka nuna masa lamba, ya tashi ba gardama. Wannan 'yar takarda ita ce ta tsaya wa tsohuwar a matsayin ɗa da ƙarfi da sanayya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rububin shiga mota a tashoshinmu ranar jajiberin salla, mai ƙarfi ya shige ta taga, mai goyo ta tsaya tana kallo, ya san darajar abin da nake faɗa.

Ba zan ce babu cunkoso ba. Da kujeru suka ƙare an sayar wa wasu tikitin tsaye, sun jeru a tsakiya suna riƙe da ƙarfe. Jaridun Gana da kansu suna kokawa cewa motocin kamfanin sun ragu ƙwarai, da yawa suna jibge suna jiran kayan gyara. Amma wadda na shiga ta tashi a lokacin da aka ce, ba ta jira sai ta cika ba, kuma ba ta tsaya wa duk wanda ya ɗaga hannu a bakin titi ba. Tana da wuraren tsayawarta, a nan ake sauka, a nan ake hawa.

Daga Tamale zuwa Salaga kusan kilomita 120 ne, kudu maso gabas. Gari na wayewa sai ga kaɗanya da ɗorawa sun bazu iya ganinka, ga kunyoyin doya a jere, ga buhunan gawayi a tsaye a bakin hanya suna jiran mai saye. Ƙauyukan Dagomba da zagayayyun ɗakuna masu jinka, daga baya kuma na Gwanjawa. Hazo ya rufe rana. A cikin mota ana Dagbanci, ana Gwanjanci, ana Tuwi, amma da zarar mutum biyu sun kasa fahimtar juna sai su faɗa Hausa. Hausar zango ce, ba ta raba namiji da mace a magana, ta ɗebo kalmomi daga maƙwabta, amma da ita ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake sasanta rigimar kujera.

Salaga a yau hedikwatar Gwanja ta Gabas ce, a cikin Yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019. Gari ne madaidaici, mai natsuwa, wanda in ba an gaya maka ba, ba za ka ce a nan goron Ashanti da kanwar Barno suke haɗuwa ba. Sarautar ƙasar tana Kpembe, ɗan nesa kaɗan, Salaga kuwa tun asali garin baƙi ne, na fatake da malamai. Rijiyoyi ne shaidar girmanta na da. An haƙa su birjik a cikin marmara, ƙananan baki, wasu har yanzu ana jan ruwa a ciki, domin garin da ayari ke sauka da dubban mutane da dabbobi ruwa ne matsalarsa ta farko.

Akwai wata shaidar kuma da ba ta da daɗin ji. Ba goro kaɗai aka saya aka sayar a wannan kasuwa ba, har da 'yan Adam. An kai ni inda kasuwar bayi take, an nuna mini sarƙoƙi da mari, an kai ni wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke su kafin a fito da su ciniki. Sunan da Hausa yake, kuma Bahaushe ba shi da damar ya tsaya a wurin ya ce laifin Turawa ne kaɗai. Mutanen Salaga ba su ɓoye wannan tarihi ba. Suna nuna shi ga 'yan makaranta da baƙi daga Amurka da ke zuwa neman tushensu, kuma na girmama su a kan haka.

Sau biyu hanya ta juya wa garin nan baya. Na farko bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874: Salaga ta fita daga hannun Ashanti, su kuma suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Yaƙin basasar 1892, na rigimar sarautar Kpembe, ya ƙarasa abin da ya rage. Fatake suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Akara, zangonnin da Hausawa ke zaune a cikinsu a kudu suka ƙara cika. Cikin waɗanda suka bar garin a lokacin har da Alhaji Umaru, shahararren malami kuma marubucin waƙoƙi da Larabci da Hausa, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Na biyu kuwa bayan an datse kogin Bolta a Akosombo a 1965. Babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga take bi a da. Da tafki ya cika, ruwa ya faɗaɗa tsakanin Yeji da Makango, sai jiran jirgin fito, manyan motoci suka koma bi ta Kintampo da Buipe.

Sai da na san wannan na gane dalilin da ya sa isowar motar ruwan goro take tara mutane a tashar Salaga. Garin da babbar hanya ta bari, ɗan kasuwa mai neman riba ba ya ɗokin kai masa mota mai kyau. Ma'aikaciyar jinya da aka turo daga kudu, ɗalibin da ke karatu a jami'ar Tamale, mai kai mara lafiya babban asibitin koyarwa, mai sarin kifin tafki, duk sun san akwai motar da za ta zo, sun san lokacinta, sun san kuɗinta. Da wannan sanin mutum ke iya tsara rayuwarsa.

Daga Salaga zuwa Yendi ta Bimbilla na bi, a ƙaramar bas ta ƙungiyar direbobi ta GPRTU. Wannan sai ta cika take tashi, kuma an matse mu kamar goro a huhu. Duk da haka a nan ma tikiti ake yanka a teburi, kuɗi ɗaya ga kowa. Bimbilla ƙasar Nanumba ce, ƙasar doya. A wannan yanki aka yi mummunan yaƙin ƙabilanci na 1994, yau kuwa Konkomba da Nanumba a kujera ɗaya suke zaune, doyarsu a kan rufin mota ɗaya. Gab da Yendi muka wuce Adibo, inda mayaƙan Dagomba suka tari Jamusawa a 1896, bindigogin Jamusawa suka yi musu ɓarna.

Yendi ita ce fadar Ya-Na, sarkin Dagbon, ƙasar Dagomba. Labarin kaka da kakanni na Dagomba yana cewa tushen sarakunansu wani jan maharbi ne, Tohazie, da ya fito daga wajen Zamfara, kuma wanda ya ji goge da kalangu a ƙofar fadar Gbewaa ba zai ji baƙunta ba. Garin ya zauna a ƙarƙashin Jamus, har yanzu maƙabartarsu tana nan, daga baya ya koma hannun Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta haɗa shi da ƙasar da ta zama Gana a 1957. A nan kabarin Babatu yake, jagoran mayaƙan Zabarma da suka addabi ƙasar Gurunsi da farautar bayi, ya rasu a 1907. A Yendi zuriyarsa na adana kayan yaƙinsa, a Sandema kuwa Builsa na bikin Feok duk shekara don tuna ranar da suka kore shi.

Abin da ya fi taɓa ni a Yendi sabon tarihi ne. A Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na II a rikicin gidajen sarauta biyu, Abudu da Andani. Shekara 17 Dagbon ba ta da cikakken sarki. Manyan sarakuna uku, Asantehene na Ashanti da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gwanja, suka yi ta zama da ɓangarorin, ba su gaji ba, har aka yi jana'izar sarakunan da suka gabata bisa al'ada, aka naɗa Ya-Na Abukari na II a Janairun 2019. Wani dattijo da muka zauna kusa a motar komawa Tamale ya ce mini, "Malam, da can in ka shiga mota sai ka duba wanda ke gefenka kafin ka buɗe baki. Yanzu ka ji yadda ake surutu." Gaskiya ne, har muka cinye kusan kilomita 100 na hanyar motar ba ta yi shiru ba, ana gardamar ƙwallo, ana gardamar farashin taki.

A taswira akwai hanya miƙaƙƙiya daga Yendi zuwa Bawku. Ita ce N2, hanyar gabas, da ta taso daga Tema a bakin teku ta bi ta Hohoe da Bimbilla da Yendi da Gushegu, ta gangara dutsen Gambaga a Nakpanduri, ta ƙare a Kulungugu, kan iyakar Burkina Faso. Gwamnatoci sun daɗe suna aikinta gutsure-gutsure. Masu tafiya da yawa sun fi son su koma Tamale su kama babbar mota, ni ma haka na yi. Tamale kanta abar kallo ce: an ware wa kekuna da babura gefensu a manyan tituna, mata da hijabi suna tuƙa babur zuwa kasuwa da ofis ba mai kallonsu, ga gadar sama da aka buɗe a 2022.

Motar Bawku kai tsaye take tafiya. Savelugu, Walewale, a ƙetare Farin Bolta a Pwalugu, a isa Bolgatanga bayan kusan kilomita 160, sannan a juya gabas ta Zebilla, wasu kilomita 80. Ƙasa ta bushe, kuka ta yawaita, gidajen Kusasi na laka a warwatse cikin gonakin gero da dawa. A bakin kogi kuwa kore shar, lambunan albasa ne na rani. Da damina ruwan da ake saki daga madatsar Bagre ta Burkina Faso yakan shafe waɗannan gonaki, da rani a dawo a sake shukawa.

Tun daga Walewale surutun mota ya ragu. Shingayen sojoji da 'yan sanda suka ƙaru. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi ya samo asali tun wajen 1957, ya lafa ya tashi sau da yawa, ya sake ɓarkewa a ƙarshen 2021. An yi asarar rayuka, an sa dokar hana fita, an taɓa hana maza hawa babur a cikin gari, har an kai ga motoci ba sa wucewa wasu wurare sai da rakiyar jami'an tsaro. A 2025 Asantehene Otumfuo Osei Tutu na II ya zauna da ɓangarorin a fadarsa ta Manhyia. Ni baƙo ne, ba ni da bakin cewa ga mai gaskiya. Abin da na gani shi ne direba na lissafin tafiyarsa da lokacin hana fita, fasinja kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa a hannu. Wata Hajiya mai sarin albasa da ke gefena ta ga ina leƙen shinge, ta ce, "Ɗana, kada ka damu, za mu isa. Mu da muke bin hanyar nan kullum mu muka san zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki."

Mun isa. Bawku gari ne na kan iyaka uku, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, kasuwarta na ci duk bayan kwana uku. Kusasi, Mamprusi, Busanga, Mosi, Fulani, Hausawa, kuma a duk inda na bi a Gana ban ga inda Hausa ta zama harshen titi kamar nan ba. Albasa tsibi-tsibi, zabi a keji, saƙaƙƙun riguna na fugu, babura da kayan masarufi daga kasuwar Sinkase ta Togo. Tsofaffin mata har yau suna faɗin farashi da tsohon lissafi, na kafin 2007 da aka mai da sidi 10,000 ya zama sidi 1, sai yarinyar shago ta fassara maka. Kusa da nan Pusiga take, inda wurin ziyarar Naa Gbewaa yake, kakan sarakunan Mamprusi da Dagomba da Nanumba. Gaba kaɗan Kulungugu, inda aka jefa wa Kwame Nkrumah bam ranar 1 ga Agustan 1962, yana dawowa daga ganawa da Shugaba Maurice Yaméogo a Tenkodogo.

Mutanen Bawku sun burge ni fiye da yadda zan iya faɗa. Ma'aikata da yawa sun nemi canjin wurin aiki, wasu shaguna a rufe suke, amma direbobi ba su daina zuwa ba, masu albasa ba su daina lodi ba. Muddin mota na shiga gari tana fita da tikiti da lokaci, garin bai yanke daga sauran ƙasa ba.

Gana ma ta yi tuntuɓe a fannin manyan motocin haya. A Nuwamban 2016 aka ƙaddamar da motocin Aayalolo a Akara, masu tafiya kai tsaye daga unguwannin bayan gari irin su Amasaman da Ofankor da Achimota zuwa Tudu a tsakiyar birni, ana biya da kati. Da yake ba a ware musu titinsu daga farko har ƙarshe ba, sai suka riƙa maƙalewa cikin cunkoso tare da kowa, kuɗin shiga ya kasa, har aiki ya tsaya a 2018 kafin a farfaɗo da shi. Legas da ta ware wa nata motocin layi tun 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, ta fi cin nasara a nan. Sayen motoci shi ne mafi sauƙin aikin. Wuyar tana wajen bakanike da kayan gyara da mai yanka tikiti mai amana da gwamnatin da za ta gaji abin da ba ita ta fara ba ta riƙe shi.

A Kano, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ne ke ɗauke da birni mai miliyoyin mutane. Leburan da ke kwana a Rijiyar Zaki yana aiki a Sharaɗa, ko ɗalibar da ke Hotoro tana karatu a sabuwar jami'ar Bayero, sai sun hau biyu ko uku, kowane da cinikinsa, kuma kuɗin na canzawa da zarar hadari ya haɗo. Mun sha ganin an jera sababbin bas a gidan gwamnati an yanka kyalle, bayan shekara biyu a neme su a rasa.

Roƙona ga masu mulki a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya shi ne a fara da layi ɗaya tak. A Kano, a ce daga Dawanau zuwa Unguwa Uku, ko daga Janguza zuwa Yankaba. A sa masa lokacin tashi da wuraren tsayawa, a rubuta kuɗin a bango inda kowa zai gani, a ware masa gefen titi, a ɗauki 'yan makaranta kyauta, a tanadi garejin gyara tun kafin motar farko ta fito. Sannan majalisar jiha ta kafa shi da doka, yadda gwamnan da zai zo ba zai iya rufe shi ba.